Jagoran Kula Da Tsoho A Gida, Har Da Wanda Gigin Tsufa Ya Kama

A ƙasar Hausa tsoho a gida yake tsufa. Ba mu saba kai iyaye wani wuri a kula mana da su ba, kuma abin alfahari ne. Sai dai akwai abin da ba mu cika faɗa ba. Idan aka ce "iyali na kula da Baba", galibi mace ɗaya ake nufi: matar babban ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jikar da aka dakatar da karatunta. Ba wanda ya koya mata aikin. Ga ƙauna, ga tsoron Allah, amma babu dabara, sai a wayi gari ana ta sa-in-sa da tsohon da ba shi da laifi. Abin da ke tafe tsari ne na aikin, daga ranar da aka fara lura da canji har zuwa lokacin da kwanciya ta kama.

Mataki na farko: ku rarrabe tsufa da ciwo

Kowane tsoho yana mantuwa. Ya ajiye carbi ya rasa inda yake, anjima ya tuna. Sunan jika ya kuɓuce masa, bayan sallah ya dawo. Wannan ba komai.

Abin da ya kamata ya tayar muku da hankali daban ne. Inna ta gama cin tuwo, kwanon na gabanta, ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Baba ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana zuwa. Ɗan kasuwar da ba a taɓa cuta a lissafi ba ya kasa ƙirga canji. Tambaya ɗaya ana yin ta sau goma kafin azahar. Mai kunya ya fara ashar, mai tsafta ya daina wanka. Idan irin waɗannan suna ƙaruwa wata bayan wata, ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba rigima ba, ba kuma neman magana ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan ciwo na gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, irin namu. Ciwon iri-iri ne, wanda ake kira cutar Alzheimer ne ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Sai kuma wanda ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, wanda ke bin hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Wannan na biyun ya shafe mu ƙwarai, domin mutane da yawa suna yawo da hawan jini shekaru ba su taɓa aunawa ba.

Ku rufe ƙofar zancen maita tun da wuri. Tsohuwar da ta ruɗe tana iya fita tsakar dare, tana iya magana da mutanen da ba a gani, tana iya cewa ma ita ta kashe wane. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa mata abin da bai faru ba. Addu'a da tofi babu mai hana ku, amma duka da ɗauri da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki zalunci ne, ko da sunan magani aka yi su.

Akwai kuma ruɗewar da ba ta jira. Idan tsoho lafiya lau yake jiya, yau kuma ya rikice, yana sambatu ko yana ta barci ba ya gane mutane, wannan ba gigin tsufa ba ne kawai. Galibi wani ciwo ne a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, ko wani magani da ya sha. A kai shi asibiti a ranar. Da yawa suna dawowa hayyacinsu idan aka magance sanadin. Haka nan a kai shi asibiti idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe.

Mataki na biyu: asibiti, da abin da za ku tafi da shi

Wanda ke kwana da tashi da tsohon shi zai raka shi, ba wanda ya fi kuɗi ba. Likita na buƙatar mai ba da labari: yaushe aka fara, me ya fara canjawa, a hankali ne ko farat ɗaya. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku tafi da su.

Ku nemi a auna jini da suga, a duba ƙarancin jini da aikin ƙoda, a kuma duba ido da kunne. Kada ku raina na ƙarshen nan. Tsohon da yanar ido ta rufe masa gani, kunnensa kuma ya yi nauyi, zai yi kama da wanda ya ruɗe alhali duniyar ce ta yi masa nisa, kuma aikin cire yanar ido ba dogon aiki ba ne. Ciwon damuwa ma yana kama da mantuwa, musamman bayan rasuwar abokin zama.

A fara da babban asibitin da ke kusa. Idan ana buƙatar ƙwararru, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. A Nijar akwai manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin an ce Baba ya haukace, a can masu sanin ciwon suke.

Ku sani tun yanzu, babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Akwai irin su donepezil da memantine, da kan ɗan sassauta alamomin na wani lokaci ga wasu mutane. Duk wanda ya ce yana da ruwan da zai dawo da ƙwaƙwalwa cikin sati biyu, kuɗinku yake so. Abin da ya fi amfani shi ne a riƙe hawan jini da suga da kyau. Kuma don Allah kada a sayo Valium ko Piriton a kemis don tsoho ya yi barci a huta. Suna ƙara ruɗewa, suna sa jiri, jiri kuma faɗuwa yake kawowa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna taɓa ƙoda da ciki.

Mataki na uku: taron 'ya'ya

Wannan matakin aka fi tsallakewa, kuma shi ke raba zumunci daga baya. A zauna, maza da mata, na nesa su shigo ta waya. A faɗi abin da likita ya ce ƙarara. Sannan a raba aiki da suna: wa ke kwana, wa ke wanka, wa ke kai wa asibiti, wa ke sayen magani, nawa kowa zai riƙa bayarwa a wata. "Kowa ya yi abin da Allah ya hore masa" magana ce mai daɗi, amma a aikace mutum ɗaya take barin wa kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kuma yi maganar dukiya tun tsohon na iya faɗin abin da yake so. Takardun gida da gona, katin banki, tantancewar fansho, bashin da yake bi da wanda ake bin sa. A naɗa wakili ɗaya da saninsa, a gaban shaidu, a ajiye littafin da ake rubuta duk abin da aka kashe. Wanda hankalinsa ya fara rauni ba a sa shi dangwala hannu a takardar sayar da fili.

Mataki na huɗu: gyaran ɗaki da gida

Babban abin tsoro faɗuwa ce. Tsohon da ya karye a ƙugu sau da yawa daga nan yake kwantawa. A ɗauke tabarmar da ke naɗewa da ledar da ke santsi, a rage tsayin dokin ƙofa ko a shafa masa fenti mai haske. A bar fitila mai caji a kunne a hanyar banɗaki duk dare. Tsuguno a masai yana yi wa gwiwar tsoho wuya, don haka a samu kujerar bahaya, ko a huda tsakiyar kujera mai ƙarfi a ɗora a kai, a kafa ƙarfen kamawa a bango. Da dare a ajiye fo kusa da gado. Idan ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a yi hoto kafin a kira mai ɗori.

Rijiya ta samu murfi da kwaɗo. Fiya-fiya, kalanzir, maganin ɓera da ashana su bar inda hannunsa zai kai, kuma kada a zuba kalanzir a gorar ruwa. Da hunturu kada a bar kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe, hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da an ji wari ba, ga kuma zani da kan kama wuta.

Bayan wannan, ku bar ɗakin yadda ya san shi. Ba yanzu ne lokacin sabon gado da sabon fenti ba. Yawo da tsohuwa gida-gida, wata ɗaya wajen wannan ɗa, wata ɗaya wajen wancan, adalci ne ga 'ya'ya amma ita yana ƙara rikita ta. Gara ta zauna wuri ɗaya, masu jinya su riƙa zuwa.

Mataki na biyar: tsarin yini

Muna da agogon da tsoho ya sani tun yana yaro, wato kiran sallah. A ɗaura komai a kansa. Magani da koko bayan asuba, wanka da hantsi idan rana ta yi ɗumi, abinci bayan azahar, ɗan tattaki da la'asar, tuwon dare da wuri. Kullum haka. Mutum ɗaya ne zai riƙe magani, don kada a ba shi sau biyu ko ya sha da kansa ya manta ya sake.

Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, saboda haka ba a jira ya nema. A riƙa miƙa masa ruwa kaɗan-kaɗan, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano. Fitsari ya yi ja ya ragu, alamar ruwa ya yi kaɗan ke nan. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, a bi maganar likita. Abinci ya zama mai laushi: kunun gyaɗa, fate, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, alala, dafaffen ƙwai, gwanda, ayaba. Kwano ɗaya a gabansa, kuma wani ya zauna su ci tare, domin yana ganin hannu na zuwa baki shi ma zai bi. Idan tsohuwa ta ce ba a ba ta abinci ba alhali ta ci, kada a ɗauko kwanon a kafa mata hujja. A ce, "To Inna, ana ɗumamawa, fara da wannan," a miƙa mata ɗan abin taɓawa.

Wanka ne aka fi yin rigima a kansa, kuma dalilin kunya ce da sanyi da tsoron santsi. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, ko miji da mata. A zaunar da shi a kujera, ruwa mai ɗumi, a bar zani a jikinsa ana wanke gefe-gefe, ana faɗa masa abin da za a yi kafin a yi. Abin da zai iya da hannunsa a bar masa. Idan ya ƙi, a bari zuwa anjima. Wani lokaci cewa "Baba, yau Juma'a ce, ga ruwan wanka" ko "zo mu yi alwala" ya fi lallashi dubu.

A riƙa kai shi banɗaki duk bayan awa biyu zuwa uku ba sai ya ce ba. Idan ya ɓata jikinsa, a gyara shiru, ba tsaki, ba kiran yara su gani.

Sallah kuwa, a tsaya kusa da shi a yi tare. Ya yi raka'a biyar ko ya sallame a ta biyu, a ƙyale shi, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Kada a bar shi ya ɗauki azumin da zai kwantar da shi. Hukuncin ciyarwa a tambayi malami.

Mataki na shida: magana

A nan aikin yake, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ba a gardama da ciwo. Ba za ka taɓa cin nasara ba, domin hujjar da ka kawo za ta ɓace cikin minti biyar, ɓacin ran kuma ya wuni.

A zo ta gaba, a rusuna daidai fuskarsa, a yi sallama, a faɗi ko wane ne. "Inna, ni ce autarki, na kawo miki kunu." Masu zuwa gaisuwa suna da wata ɗabi'a da ya kamata a hana su tun daga zaure: "Baba, ka shaida ni? To wane ne ni?" Jarrabawa ce a gaban jama'a, kuma dattijo ya san ya faɗi ko da bai san amsar ba. A yi magana gajera, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira amsa. Maimakon "me za ka ci?" a ce "fura ko kunu?" Kada a yi zancensa a kansa kamar ba ya wurin, kada kuma a yi masa muryar da ake yi wa yaro. Wanda ake ce wa Alhaji ko Malam, Alhaji ne kuma Malam ne har gobe.

Abu uku ne suka fi wahalar da masu jinya.

Na farko zargin sata. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta, ta manta, sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da wanda ya fi kusa, kuma wanda ya fi kusa ita ce mai yi mata hidima. Kada a yi rantsuwa, kada a yi kuka. A ce, "Subhanallahi, sun ɓata? Tashi mu duba tare." Ku koyi maɓoyarta: ƙarƙashin katifa, haɓar zani, cikin kwalla, aljihun rigar da aka kai wanki. A bar mata 'yan canji a hannu, manyan a adana. Mafi muhimmanci, duk dangi su san wannan alamar ciwo ce. Aure ya sha mutuwa saboda ɗa ya zo daga Abuja, uwa ta tattara hankalinta na rabin awa ta gaisa da shi lafiya lau, sannan ta raɗa masa cewa matar ƙaninsa na yi mata sata. Mai irin wannan ciwon yakan iya daurewa gaban baƙo na ɗan lokaci. Wanda yake shakka, ya kwana uku a ɗakin.

Na biyu neman wanda ya rasu. "Ina Malam? Bai dawo ba?" Idan aka ce ai ya rasu shekara goma ke nan, sabuwar mutuwa aka yi mata, gobe kuma a sake. Ba sai an yi ƙarya ba. A bi abin da ke ƙarƙashin tambayar: "Kina kewarsa ko, Inna? Ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidan nan." Idan ta tsare ku da tambaya kai tsaye ko ya rasu, a faɗa mata a hankali, a yi masa addu'a tare, a zauna da ita.

Na uku "zan tafi gida", alhali a ɗakinta take. Galibi gidan iyayenta take nufi, ko dai wurin da hankalinta zai kwanta. Kada a tare ƙofa. A ce, "To, bari a yi sallah mu sha shayi tukuna," ko a ɗauki mayafi a zaga da ita bayan layi a dawo.

Idan kuma faɗa ya tashi ba dalili, ku nemi dalilin a jiki. Ciwon haƙori, taurin bayan gida, fitsarin da ya matse, zafi, yunwa, hayaniyar yara. Wanda ya kasa cewa "cikina na ciwo" yakan faɗa da hannu.

Mataki na bakwai: almuru da fita

Da yawansu sun fi rikicewa daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. A kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a rage ƙarar talabijin, a sallami baƙi. A hana dogon barcin rana, goro da shayi kuma su tsaya a safiya.

Mai yawan fita ba kurciya aka yi masa ba. A ɗinke lambar waya a cikin rigunansa, a ajiye sabon hotonsa a waya, a rataya ƙararrawa a ƙofar gida. A sanar da mai unguwa da liman da mai shayi da masu adaidaita sahu na bakin layi. Ɓoye ciwon don gudun surutu shi ke sa a gan shi yana tafiya a ɗauka unguwa za shi. Idan ya ɓata ba a jira gari ya waye. A fara duba rijiya da kududdufi da manyan kwatoci na kusa, sannan tsofaffin wurarensa, gona, rumfar kasuwa, tsohon gida. A kai cigiya masallatai da gidan rediyo da ofishin 'yan sanda. Ɗaure shi da igiya ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai ba mafita ba ce.

Mataki na takwas: hira

Ana iya ciyar da tsoho, a yi masa wanka, a ba shi magani a kan lokaci, kuma kaɗaici ya cinye shi a gida mai mutum talatin. Wannan ya shafi har wanda hankalinsa ke garau. A fito da shi inda ake rayuwa, tsakar gida ko majalisar ƙofar gida. A nemi shawararsa a kan auren jika da farashin hatsi. A kira masa abokinsa na ƙuruciya a waya.

Jikoki suna da abin da 'ya'ya ba su da shi, wato wasa. Ɗa yana jin nauyin uwa, jika kuwa zai shigo ya ce "matata, yau me kika dafa mini?" ta bi shi da zagi tana dariya. A koya wa yaran kada su tsokane ta da mantuwarta, sauran a bar musu.

A ba hannu aiki: tsinke zogale, ɓarar gyaɗa, tsintar wake, ninke kaya, tufkar igiya. Ko ba a yi daidai ba a yi godiya. Abin da aka haddace da ƙuruciya shi ke jimawa, shi ya sa wanda ya manta sunan ɗansa za ka ja masa farkon sura ya ƙarasa, tsohuwa kuma ta kama waƙar niƙa daga inda ka tsaya. Kitso, lalle, aski, yankan farce da shafa man kaɗanya a ƙafa duk hira ce, kuma suna aiki har bayan magana ta ƙare.

Mataki na tara: idan kwanciya ta kama

A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, dunduniya kuma kada ta taɓa katifa. Kullum a duba ƙugu, ɗuwawu, kafaɗa da dunduniya. A baƙar fata gyambon kwanciya ba ya farawa da ja, wurin yakan ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. Idan an gani a ɗauke nauyi daga wurin, kada a murza, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Zanin gado ya zama busasshe, ba tattara.

A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, ya kuma zauna rabin awa bayan ya gama. Idan yana tari ko shaƙewa da ruwa, a koma abu mai ɗan kauri kamar kunu, cokali-cokali, a gaya wa likita. Ba a yi wa mai gyangyaɗi ko wanda ke kwance ɗura, abin yana wucewa huhu. A riƙa goge baki safe da yamma ko babu haƙori ko ɗaya.

Mataki na goma: mai jinyar

Ta samu yini guda a sati da ba ta taɓa komai, da darare da wani zai karɓe ta ta yi barci. A ware mata kuɗi na kanta, ba na cefane ba. Idan 'yar makaranta ce, a nemo wani tsarin. Ranar da ta ji tana yi wa tsohuwa tsawa, ko hannunta ya fara ɗagawa, ta fita ɗakin, ta kira wanda ke biye da ita a jadawali, shi kuma ya zo ba tare da wa'azi ba. Ita ma a auna mata jini duk lokacin da aka kai tsohon asibiti.

Duk ƙarshen wata 'ya'ya su sake zama, ko da ta waya ce, a duba littafin kuɗi, a ji abin da ya canja a jikin tsohon, a gyara jadawalin kwana. Mai jinyar ce za ta fara magana.